Dainamon Tsohuwar Mota: A Ƙyasta Masa Wuta Kafin A Tada Inji

Ruwan shuka ya sauka. Ƙasa ta jiƙa, kowa yana sauri ya yi huɗa. A irin wannan lokaci ne ake tunawa da tsohuwar taraktar da aka jingine a gindin bishiya tun bayan kaka. A kaɗe mata ƙura, a ɗaura mata batir, a tada ta. Inji ya kama lafiya, amma jar fitilar da ke gaban direba ta ƙi mutuwa. Bayan 'yan kwanaki batir ya mutu murus.

Nan da nan sai a ce dainamo ya ƙone. A kwance shi, a kai shi birni. Ga kuɗin mota, ga kuɗin gyara, ga kwanakin jira. Kafin a dawo da shi danshi ya wuce. Alhali sau da yawa lafiyarsa ƙalau. Abin da yake bukata bai wuce guntuwar waya da taɓawa ɗaya ba.

Akwai kuma wanda zai sayo dainamo mai kyau, ya ɗaura, ya tada inji nan take. Sai ya ji ƙauri, ya ga hayaƙi. Kuɗinsa sun tafi a banza. Tushen asarar nan biyu ɗaya ne, wato rashin sanin wani ɗan sirri da ke cikin dainamo.

MOTOCIN DA KE DA DAINAMO

Kowace mota tana da injin da ke mayar wa batir wutar da aka ci. Injin nan iri biyu ne. Akwai dainamo, akwai altaneta. Dainamo shi ne na dā. Dogo ne kamar gwangwani, jikinsa baƙin ƙarfe, yana da nauyi. Altaneta gajeruwa ce mai faɗi, jikinta farin ƙarfe mara nauyi, da tagogi da yawa.

Tun a shekarar 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai dainamo da sitata. Dainamo ya yi ta aiki kusan shekara 50 babu abokin gasa. A 1960 kamfanin Chrysler ya fara sa altaneta a motocin da yake sayar wa jama'a. Daga nan sauran kamfanoni suka bi sahu. Kafin ƙarshen shekarun 1970 yawancin sababbin motoci sun koma altaneta.

Amma tsohon ƙarfe ba ya saurin mutuwa. Ana samun dainamo a taraktocin Massey Ferguson 35 da 135, da Land Rover da aka ƙera kafin 1971, da tsofaffin manyan motocin Bedford. Haka kuma tsofaffin Fijo 404, da Volkswagen mai siffar kunkuru. Wasu an riga an canza musu zuwa altaneta. Don haka a buɗe bonet a duba da ido tukuna.

Wannan dubawa tana da muhimmanci ƙwarai. Duk abin da za a faɗa a nan game da ƙyasta wuta, na dainamo ne kaɗai. Ba a ƙyasta wa altaneta wuta. Wanda ya gwada zai ƙona ta.

YADDA DAINAMO YAKE YIN WUTA

A shekarar 1831 wani Baturen Ingila mai suna Michael Faraday ya gano wani abu. In waya ta gilma kusa da maganaɗisu, wutar lantarki tana tasowa a cikinta. A kan wannan aka gina dainamo.

Manyan kayan cikinsa huɗu ne.

Na ɗaya, amecha. Ita ce dunƙulen ƙarfen da aka naɗe da wayar jan ƙarfe. Tana tsakiya, fanbel ne yake juya ta.

Na biyu, koyil na gefe. Waya ce da aka naɗe a kan ƙarafa biyu da ke manne da bangon dainamo daga ciki. In wuta ta bi ta cikinta, ƙarafan nan su zama maganaɗisu.

Na uku, zoben jan ƙarfe da ke ƙarshen amecha. An yanka shi gida-gida kamar ɓawon lemo. Nan ne wutar amecha take fitowa.

Na huɗu, buroshi. 'Yan guntayen gawayi ne masu tauri da ke goga a kan zoben. Su ne suke kwashe wutar su miƙa wa wayar waje.

Ana auna ƙarfin turin wuta da bolt, yawanta kuma da amfiya. Yawancin motoci masu bolt 12 ne. Wasu tsofaffi ƙwarai masu bolt 6 ne, kamar Volkswagen na kafin 1967. Dainamon Lucas mai lamba C40, wanda ke kan motocin Ingila da yawa, yana ba da amfiya 22.

GARWASHI A CIKIN TOKA

Ga inda sirrin yake. Koyil yana bukatar wuta kafin ya zama maganaɗisu. Amecha kuma tana bukatar maganaɗisu kafin ta yi wuta. To, wa zai fara?

Mace mai dabara ba ta kashe murhu duka da dare. Takan binne ɗan garwashi a cikin toka. Da safe ta tono shi, ta sa kara, ta hura, wuta ta tashi. Haka dainamo yake. In inji ya tsaya, ƙarafan nan biyu suna riƙe ɗan saura na maganaɗisu. Shi ne garwashinsa. Da amecha ta fara juyawa, wannan ɗan saura ya haifi 'yar wuta. 'Yar wutar ta shiga koyil, maganaɗisu ya ƙaru. Maganaɗisu ya ƙaru, wuta ta ƙaru. Kafin ƙiftawar ido dainamo ya cika ƙarfinsa. Wani Bajamushe, Werner Siemens, yana cikin waɗanda suka gano wannan dabara a 1866.

Abu biyu suna iya samun garwashin nan. Yana iya mutuwa, saboda daɗewa a ajiye, ko bugu, ko zafi mai yawa. In ya mutu, dainamo zai yi ta juyawa ba wuta. Yana iya kuma juya baya. Maganaɗisu yana da fuska biyu, kuma fuskar da ya kalla ita ce take nuna wa wuta hanyar da za ta bi. In ya juya, dainamo zai yi wuta, amma a birkice.

Matar da garwashinta ya mutu takan aiki yaro ya ɗebo wuta a maƙwabta. Maƙwabcin dainamo shi ne batir. Ana ɗauko wuta daga batir a taɓa wa koyil na ɗan lokaci kaɗan, kamar ƙyasta ashana. Wannan taɓawa tana mayar da garwashin, ta kuma fuskantar da shi daidai da batirin motar. Shi ne aikin da ake nufi da ƙyasta wa dainamo wuta.

AIKIN KAT-AWUT

Tsakanin dainamo da batir akwai ɗan akwati da masu gyara suke kira kat-awut. A cikinsa akwai ma'aikata biyu, wani lokaci uku. Kowanne yana da kwantak, wato bakin ƙarfe biyu masu haɗuwa su rabu.

Na farko mai gadin ƙofa ne. In wutar dainamo ta kai wajen bolt 13, sai ya haɗa dainamo da batir, caji ya fara. In inji ya yi sanyi ko ya tsaya, sai ya raba su, don kada wutar batir ta zurare cikin dainamo. Na biyu yana hana bolt yin yawa. Na uku, in akwai shi, yana hana amfiya wuce kima.

Mai gadin nan bai san wuta ta daidai da ta birkice ba. Ƙarfi kawai yake ji. In dainamo yana ba da wuta a birkice, zai haɗa shi da batir duk da haka. Sai bolt 12 na batir da bolt 12 na dainamo su haɗu su bi hanya ɗaya. Babu fitila ko wani abin da zai ci wutar. Sai kwantak ya yi ta tartsatsi har ya ƙone ko ya manne. Waya ta yi zafi, amecha ma tana iya ƙonewa. Shi ya sa ake ƙyastawa tun kafin a tada inji.

YAUSHE AKE ƘYASTAWA?

1. In an ɗaura sabon dainamo, ko na hannu, ko wanda aka sake wa naɗi.
2. In an kwance dainamo an gyara shi an mayar.
3. In an canza kat-awut.
4. In an taɓa ɗaura batir a juye, ko da na minti ɗaya ne.
5. In mota ta yi watanni a ajiye, aka tada ta, caji ya ƙi.
6. In an canza kan batirin da ke haɗe da bodi.

Ƙyastawar da aka yi daidai ba ta cutar da dainamo mai lafiya. In ana shakka, gara a yi.

A FARA SANIN ABU BIYU

Abu na farko: wane kan batir ne yake haɗe da bodin motar? Batir yana da kai biyu. Mai alamar + ya fi kauri. Mai alamar − ya fi siranta. A motocin yanzu kan − ne yake zuwa bodi. Amma motocin Ingila da yawa na dā kan + ne yake zuwa bodi. Land Rover sai a 1967 ta koma kan −. Tsofaffin taraktocin Ferguson ma da kan + suka fito. A bi gajeruwar waya mai kauri da ido, a ga inda aka ɗaure ta. Kan da bai je bodi ba shi ne kai mai rai. Daga shi ake ɗaukar wutar ƙyastawa.

Abu na biyu: wane irin dainamo ne? Koyil yana da baki biyu. Baki ɗaya yana fitowa waje a wurin da aka rubuta F. Bambancin yana ga ɗaya bakin.

Iri na farko, ɗaya bakin an ɗaure shi da jikin dainamo daga ciki. Wuta tana zuwa masa daga kat-awut ta hanyar F. Dainamon Lucas na Ingila irin wannan ne, haka yawancin na motocin Ford na Amurka na shekarun 1950.

Iri na biyu, ɗaya bakin an haɗa shi da buroshin da ke fitar da wuta. Kat-awut ne yake kai F zuwa bodi. Yawancin na Delco-Remy na Amurka haka suke, da Bosch na Jamus da ke kan Volkswagen.

Sunan kamfani yana rubuce a jikin dainamo. A goge maiƙo a karanta. Harufan ma suna taimako. Lucas yana rubuta D a babban kai, F a ƙarami. Bosch yana rubuta D+ da DF. Na Amurka suna rubuta A ko ARM, da F. Na Faransa, irin na Fijo, suna rubuta DYN da EXC. Kada a dogara da launin waya, domin hannu da yawa sun taɓa tsohuwar mota. In sunan ya goge, ko na Faransa ne, a bari mai wayarin ya buɗe ya ga inda bakin koyil ya tafi. Tambaya rabin ilimi ce.

YADDA AKE ƘYASTAWA

Ana bukatar waya mai rufi, tsawon gaba ɗaya, a fere bakinta biyu. A kashe inji, a cire makulli. A tabbata batir yana da caji, kuma an ɗaura shi daidai.

Dainamo iri na farko, irin Lucas:

1. A cire ƙaramar wayar da ke kan F a jikin dainamo.
2. A maƙala bakin waya ɗaya a kan batir mai rai.
3. A taɓa ɗaya bakin a kan F na dainamo, a ɗauke nan take. Za a ga ɗan tartsatsi.
4. A maimaita sau biyu ko uku.
5. A cire wayar ƙyastawa, a mayar da ta F wurinta.

Kada a manta da mataki na ɗaya. In ba a cire wayar F ba, wutar batir za ta koma ta cikin kat-awut ta ƙona kwantak. Kada kuma a musanya wayar D da ta F wajen mayarwa. Wannan ma yana kashe kat-awut.

Dainamo iri na biyu, irin Delco-Remy:

1. A bar duk wayoyi a haɗe.
2. A je wurin kat-awut, a nemo BAT da ARM. A wasu an rubuta GEN maimakon ARM.
3. A ɗora bakin waya ɗaya a BAT, a taɓa ɗayan a ARM, a ɗauke nan take.

A irin wannan dainamo ba a kai wutar batir kan F ko kaɗan. Wanda ya yi haka ya haɗa batir da bodi kai tsaye ta cikin kwantak.

Na Bosch a kan Volkswagen:

1. A cire fanbel, a cire wayoyin D+ da DF.
2. A haɗa DF da jikin dainamo da guntuwar waya.
3. A kawo wuta daga kan + na batir a taɓa a D+.
4. Dainamo zai juya da kansa a hankali. Bayan daƙiƙa biyu ko uku a ɗauke.
5. A mayar da wayoyi da fanbel.

Bayan an gama, a tada inji a ɗan ƙara totur. Jar fitila ta mutu, allurar mita ta karkata wajen +. In haka ta faru, aiki ya yi kyau.

Wani yakan so ya mayar da tsohuwar mota mai + a bodi ta koma mai − a bodi, don ya sa rediyo ko cajar wayar hannu. Ana iya yi da dainamon da ke kai. A juya batir, a musanya wayoyi biyu na mitar caji, a musanya ƙananan wayoyi biyu na koyil ɗin fulogi in motar fetur ce. Sannan a ƙyasta wa dainamo wuta. Sitata ba ruwanta, yadda take juyawa haka za ta ci gaba.

IN CAJI YA ƘI, A BI SHI DAKI-DAKI

A fara sanin halin dainamo. Ba ya caji sosai in inji yana silo. In jar fitila ta ɗan yi haske a silo, ta mutu da an taka totur, wannan ba cuta ba ce. Cuta ita ce fitilar ta ƙi mutuwa ko an ba inji wuta.

A fara da abin da ba ya cin kuɗi.

Fanbel. In ya tsinke, a tsaya nan take. Shi ne yake juya fanka da famfon ruwan lagireto. A Volkswagen kuwa fankar da ke sanyaya inji tana kan sandar dainamo. Wanda ya ci gaba da tafiya zai ƙona inji. In bai tsinke ba, a danna shi da babban yatsa a tsakiya. Ya lotsa kamar rabin inci, wato kaurin ɗan yatsa. In ya yi sako-sako zai riƙa sulɓi. In ya yi tauri da yawa zai cinye boris.

Kan batir. Farin gishirin da ke taruwa a kai yana tare wuta. A kwance, a wanke da ruwan zafi, a kankare, a ɗaure tam, a shafa ɗan giris. A duba inda wayar bodi ta haɗu da ƙarfe, kada tsatsa ta ci wurin.

Wayoyi. A bi na D da na F daga dainamo har kat-awut. Ɓera da gara suna ɓarna a motar da ta daɗe a ajiye. Shi kansa kat-awut yana da wayar bodi, a Lucas an rubuta mata E. In ta saki, caji ba zai daidaita ba.

Ƙyastawa. In duk waɗannan lafiya suke, a ƙyasta wuta a sake gwadawa.

GWAJI BIYU

Gwaji na farko na irin Lucas ne. A cire wayoyin D da F daga dainamo. A haɗa kan D da kan F da guntuwar waya. A sa mitar bolt tsakanin wannan haɗi da jikin dainamo. A tada inji a silo, a ƙara totur sannu a hankali. Dainamo mai lafiya zai tura allura sama da sauri. Kada a bari ta wuce bolt 20, kada kuma a yi wa inji ihu, domin babu mai tsawata wa dainamo a wannan hali.

In allura ba ta motsa ba sam, a duba buroshi. In ta tsaya a bolt 1 ko ƙasa da haka, a zargi koyil. In ta tsaya a bolt 4 zuwa 5, a zargi amecha. In ta koma baya, dainamo a birkice yake, a ƙyasta masa wuta. Wanda ba shi da mita yana iya sa ƙwan sigina mai bolt 12. Haskensa zai riƙa ƙaruwa tare da inji. Da ya yi haske sosai a sassauta, kada ya ƙone.

Gwaji na biyu shi ne a mai da dainamo mota. A cire fanbel, a bar D da F a haɗe da juna kamar ɗazu. A kawo wuta daga kan batir mai rai a taɓa a haɗin. Mai lafiya zai juya sumul, ta ɓangaren da inji yake juya shi. In ya ƙi juyawa, ko yana juyi yana cijewa, akwai cuta a ciki. Daƙiƙa kaɗan sun isa. Na Bosch kuwa, hanyar ƙyastawar da aka bayyana ita ce gwajinsa.

In dainamo ya ci gwajin nan biyu amma caji bai zo ba, laifin yana ga waya ko kat-awut.

ABIN DA AKE DUBAWA A CIKI

Buroshi yana cinyewa kamar sabulu. A dainamon C40, in ya rage kusan kwatan inci, lokacin canji ya yi. Wani lokaci bai ƙare ba, ƙurar hunturu da maiƙo ne suka liƙe shi a gidansa. A ciro shi, a goge gefensa da tsumma mai ɗan fetur, har ya riƙa shiga da fita ba cijewa. A duba ƙarfin sifirin da ke danna shi.

Zoben jan ƙarfe ya zama fes. In ya yi baƙi, a goge da tsumma mai fetur. In bai fita ba, a sa farar sanfefa mai laushi irin ta kafinta. Kada a sa baƙar sanfefa ta goge ƙarfe, domin garinta yana maƙalewa ya yi ta cin buroshi. Siraran layukan da ke tsakanin gidajen zoben su ɗan nutse ƙasa da jan ƙarfen. In sun yi daidai da shi, mai gyara zai rage su da guntun zarto.

In an ga ɗigon darma ya fantsama a bangon ciki, amecha ta yi zafi har haɗinta ya narke. Wannan sai mai naɗi. In an kama fuli an girgiza aka ji yana lilo, boris ko bushin ya tafi. A canza da wuri, kafin amecha ta fara gogar ƙarafan gefe.

ALAMUN CIWON KAT-AWUT

Batir yana shanye ruwa da sauri, yana zafi, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ƙwayayen fitila suna yawan ƙonewa. Wannan caji ne ya yi yawa. Batir mai bolt 12 da ya cika yana nuna kusan 12.6 in inji a kashe yake. In inji yana gudu, ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5. In ya zarce 15 yana ta hawa, a kai wa mai wayarin.

Alama mafi haɗari ita ce wannan. An kashe inji, an cire makulli, amma allurar caji ta faɗi can wajen −, dainamo kuma yana ɗumi. Kwantak ɗin mai gadi ne ya manne. A cire kan batir na bodi nan take. Jinkiri kaɗan yana iya jawo gobara.

Kada a danna kwantak ɗin mai gadi da hannu. Kada kuma a murɗa sukurorin saiti da ka. An saita su ne da mita, da mita kuma ake gyara su.

KIYAYE KAI

Batir yana fitar da iska mai kama wuta, musamman in ana cajinsa. Saboda haka a riƙa maƙala waya a kan batir tukuna, tartsatsin ya tashi can wurin dainamo. Kada a kusanto da taba ko fitilar a-ci-bal-bal. A tabbata fetur ba ya ɗiga kusa.

A cire zobe da agogon ƙarfe. A tuɓe babbar riga, a naɗe hannun taguwa, domin fanbel ba ya tausayi. Yara su ja baya. Wajen kwance batir, a fara cire kan bodi. Wajen ɗaurawa, shi ne na ƙarshe. In ruwan batir ya fallatsa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, sannan a tafi asibiti.

Akwai masu cire kan batir inji yana aiki, wai su ga ko ana caji. A bar wannan al'ada. Tana iya ƙona ƙwayayen fitila, a mota mai altaneta kuma ɓarnar ta fi haka.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Dainamon Lucas yana da ɗan rami a bayansa. A ɗiga masa baƙin mai ɗigo kaɗan bayan kowace mil 6,000, wato kusan kilomita 10,000. Mai tarakta ya yi haka a farkon kowace damina. Kada a cika, domin mai in ya kai ga buroshi yana hana caji.

In za a ajiye tarakta har tsawon rani, a cire batir a sa shi a inuwa, a riƙa kai shi caji wata-wata. A sa alama a kan wayar bodi da fenti ko tsumma, don kada a juya shi ranar mayarwa. A rufe inji daga ƙura. In da hali, a riƙa tada ta lokaci-lokaci.

Da an ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, kada a jira ruwa ya sauka. A duba fanbel, a wanke kan batir, a karanta sunan da ke jikin dainamo. A ƙyasta masa wuta ta hanyar da ta dace da irinsa, sannan a tada inji a ga jar fitila ta mutu. Wanda ya yi haka da wuri, ranar da ƙasa ta jiƙa gona zai nufa.

Allah ya ba da damina mai albarka.